Kalma Nawa Kake Bugawa A Minti Ɗaya?

Idan aka shiga ajin 'yan kimiyya a kowace sakandare aka ce wa ke son aikin asibiti, hannuwa za su tashi ko ta ina. Wannan likita, waccan nas, wancan harhaɗa magunguna, wata kuma ungozoma. Da wuya ka ji wanda zai ce shi burinsa ya zauna a wani ɗan ɗaki da iyafis a kunne, likita yana magana shi yana bugawa. Amma sana'a ce da mutane suke ci da ita, kuma takardar nan da ake miƙa wa mara lafiya bayan an yi masa hoton ciki, wadda zai lallaɓa kamar ƙwai ya kai wa likitan da ya turo shi, sau da yawa daga hannun irin wannan mutumin ta fito.

Ga yadda aikin yake. Likita ya duba mara lafiya, ko ya yi masa tiyata, ko ya kalli hoton ƙirjinsa. Maimakon ya zauna ya rubuta abin da ya gani, sai ya faɗa da baki a naɗa a na'ura. Wani kuma ya ɗauki muryar ya saurara, ya mayar da ita rubutu a kwamfuta yadda asibitin ya tsara, sannan a kai wa likitan ya karanta ya sa hannu. A Amurka sana'a ce mai zaman kanta tun da daɗewa, da kwasa-kwasanta da jarrabawarta. Da intanet ta yaɗu, sai asibitocin can suka riƙa tura muryoyin likitocinsu Indiya da Filifin, saboda arahar ma'aikata da kuma bambancin lokaci. Likita zai yi magana da yamma ya tafi gida, a lokacin can Indiya gari yana shirin wayewa, kafin ya dawo aiki da safe rahotonsa yana jiransa.

A nan gida abin bai kai can ba. Yawancin likitocinmu har yanzu da biro suke rubutu a fayil, duk da wasu manyan asibitoci sun fara komawa kwamfuta. Inda za ka fi ganin aikin shi ne cibiyoyin ɗaukar hoton ciki da na ƙashi. A wata irin wannan cibiya na yi dogon hutun bara, ina taya wata ƙanwar mahaifiyata da ta haura shekara goma tana buga rahotanni a wurin. Kowa Anti yake ce mata, har likitocin. Ni kuma ina aji biyu a jami'a, ina karantar ilimin sassan jikin ɗan'adam, shi ya sa aka ga kalmomin ba za su zame mini baƙi sosai ba. Tun da na koma makaranta, duk ƙawar da na ba labari tambayarta ɗaya ce: sai saurin mutum ya kai nawa kafin a ɗauke shi?

Bari mu fara da yadda ake awon. Ana ƙirga kalma nawa mutum yake bugawa a minti ɗaya. Tun da wata kalmar gajera ce wata kuma doguwa, sai aka tsayar da cewa duk dannawa biyar kalma ɗaya ce, har da tazarar da ake bari tsakanin kalmomi. In an gama kuma a zabtare kurakuran da ka yi. Wanda ya saba da kwamfuta amma bai koyi bugu a ƙa'ida ba, yawanci yana wajejen 40. Masu ɗaukar ma'aikata a wannan fanni sukan nemi 60 zuwa sama. Mai magana kuwa, in ba jan zance yake yi ba, yana furta kalma 130 zuwa 150 a minti. Kun ga ke nan baki ya ninka hannu, wani lokaci har sau uku. Wannan ne ya sa ake ajiye wa mai aikin feda a ƙarƙashin tebur, kamar ta keken ɗinki. Ya taka murya ta tafi, ya ɗaga ƙafa ta tsaya, ya taka gefe ta koma baya, hannuwansa ba su bar kan madannai ba.

Yanzu ku ɗauko biro mu yi ɗan lissafi, ba mai wuya ba ne. A ce likita ya yi magana ta minti goma, kalma 1,400, mu kuma ɗauka duk tsawonsu ɗaya. Mai buga 35 a minti zai ci minti 40 kafin ya gama. Mai buga 70, minti 20. Mai buga 100, wanda ake nunawa a ce ga gwani, minti 14. To ku duba da kyau. Daga 35 zuwa 70 an samu rarar minti 20 cur. Daga 70 zuwa 100 kuwa, duk da wahalar da mutum zai sha kafin ya kai can, minti shida kacal ya rage. Minti shidan nan kuma, sunan magani ɗaya da bai fita da kyau a kunne ba ya isa ya cinye su: ka mayar da murya baya sau uku, ka buɗe littafi, ka duba, ka sake saurara.

Saboda haka ba zan ce muku sauri ba shi da muhimmanci ba. Yana da shi ƙwarai, musamman ga wanda yake ƙasa. A ƙasashen da sana'ar ta kafu, da yawa daga masu yin ta ba albashin wata ake ba su ba, da layi ake biya, kuma layi ɗaya a lissafinsu dannawa 65 ne. Kuɗin layin ma da santi ake ƙirga shi, ba da dala ba. Mai nawa a irin wannan tsari sai ya yini a zaune ya tashi da abin da bai kai kuɗin cefane ba. A cibiyarmu albashi ne, amma akwai benci a waje cike da mutane. Gaskiya ne sannu ba ta hana zuwa, sai dai matar da ta taso daga ƙauye tun asuba, mai ciki wata takwas, tana jiran takardarta ta koma asibiti kafin likitan da ya turo ta ya tashi, ita sannu tana iya hana ta zuwa ranar nan ɗungurungum. Sai ta kwana a gari ko ta sake biyan kuɗin mota.

Akwai kuma wani amfanin saurin da ba ya fita a lissafin minti, kuma a ganina shi ya fi girma. Wanda yake bugu da yatsa biyu, idonsa a kan madannai yana neman inda harafi ya ɓuya, hankalinsa rabi ne yake wajen muryar. Wanda yatsunsa suka haddace wurarensu kuwa, ya manta ma yana bugu. Kunnensa da tunaninsa duka suna wajen abin da likita yake faɗa, idonsa yana kan abin da yake fitowa a fuskar kwamfuta. Wannan sakewar ita ake nema idan aka ce sai ka kai 60.

Abin da ya fi ba ni mamaki game da Anti shi ne ba ita ce ta fi kowa sauri a ɗakin ba. Akwai wani matashi da ya zo daga shagon buga takardu, irin waɗanda suke buga wa 'yan jami'a furojet, hannunsa kamar ruwan sama a kan kwano. In aka ba su takarda a rubuce aka ce su kwafa, zai bar ta a baya nesa. Amma in murya ce, kullum ita take riga shi gamawa, domin ita da wuya ta taka feda baya. Ta san abin da likita zai faɗa tun bai faɗa ba. Ta san a rahoton hoton ciki daga hanta yake farawa, ya bi ta maɗaciya da saifa, ya gangaro ƙoda da mafitsara. Ta san girman da aka saba ji na kowace gaɓa, in ta ji lambar da ta fita daga hanya sai ta dakata. Shi kuwa kowace kalma baƙuwa ce a wurinsa, sai ya ji ta sau biyu ko uku, ya buga yadda kunnensa ya ba shi, a dawo masa da takarda an ja layi da jan biro. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Wata rana da rana tsaka na ga ta cire iyafis ta miƙe, ta leƙa ɗakin hoto. Na ji tana cewa, "Dakta, a sama ka ce tsakuwar tana ƙodar dama, a ƙarshe kuma ka ce ta hagu. Wacce za a rubuta?" Ya koma ya duba hotunan, ya ce, "Ta dama ce, Anti. Allah Ya yi miki albarka." Mutum ne da ya duba marasa lafiya sun fi talatin tun safe, baki ya zame. Mai buga kalma 100 a minti wanda bai riƙe abin da aka faɗa a sakin layi na farko ba, zai buga duka biyun cikin ƙwarewa, ba kuskuren harafi ko ɗaya.

Ingilishin asibiti cike yake da irin waɗannan ramuka. "Hyper" na nufin abu ya yi sama, "hypo" na nufin ya yi ƙasa, kuma a bakin mai sauri kusan sautinsu ɗaya. Ɗaya hawan jini ne ko hawan suga, ɗayan faɗuwarsu, maganin wannan zai iya kwantar da mai wancan. "Ilium" ƙashin ƙugu ne, "ileum" ƙarshen ƙaramin hanji, furucinsu ba bambanci sam, sai dai ka gane daga abin da ake magana a kai. Chlorpromazine maganin taɓin hankali ne, chlorpropamide na ciwon suga. Tsakanin miligiram da maikirogiram akwai ninki dubu. Sai uwa-uba lambobi, "fifteen" da "fifty", ga fanka tana kaɗawa ga janareta yana ruri a bayan taga. Akwai ma 'yar kalmar nan "no" mai harafi biyu, wadda likitoci suke haɗiye ta a farkon jimla. In ta faɗi, rahoton da ya ce babu alamar ƙari ya koma cewa akwai.

Kada ku ɗauka tsoratarwa ce kawai. A jihar Alabama ta Amurka, a shekarar 2008, an sallami wata mata mai ciwon suga daga asibiti za ta koma wata cibiyar jinya. Likitanta ya naɗi bayanin sallama da baki, ya faɗi a riƙa yi mata allurar insulin awo 8. Muryar ta bi ta hannun kamfanin da asibitin ya ba kwangila har ta isa Indiya, aka buga 80. Aka yi amfani da takardar tun likitan bai karanta ya sa hannu ba, aka yi wa matar ninki goma na abin da ya kamata. Ƙwaƙwalwarta ta taɓu, ta rasu. A 2012 kotu ta yanke wa iyalanta diyyar dala miliyan 140. Sifili ɗaya ne, dannawa ɗaya, wadda ko a awon sauri kashi ɗaya ce cikin biyar na kalma. Ni dai ban ga laifin a wuyan mai bugun shi kaɗai ba, tun da tsarin aikin ya tanadi likita ya duba kafin takarda ta fita, aka tsallake wannan matakin. Amma sifilin daga yatsan wani ya fito.

Irin wannan ne ya sa hukumar da take tantance asibitoci a Amurka ta fitar da jerin gajerce-gajercen da ta hana amfani da su tun 2004. A ciki akwai harafin U da ake sa wa a madadin awon insulin, domin ana karanta shi a matsayin sifili. Akwai kuma rubuta 1.0 a maimakon 1, domin in ɗigon bai fito ba ya zama 10.

Dokar Anti ta farko, wadda ta gaya mini tun ban zauna ba, ita ce: "In ba ki ji ba, ki bar gurbi ki sa alama. Kada ki cika wa likita magana." Gurbi yana rage sauri, yana kuma sa a ga kamar ba ka iya ba, shi ya sa sabon shiga yake jin kunyar barinsa. Amma likita zai cike shi a daƙiƙa biyar. Kalmar da aka ƙirƙira ta zauna daram a cikin jimla kuwa, ido yana iya wuce ta. Doka ta biyu ta shafi rahoton da aka riga aka tsara. Kusan kowace cibiya tana da shi a kwamfuta, an rubuta komai lafiya lau, kai dai ka canza wuraren da likita ya ga matsala. Yana rage aiki sosai, ya fi duk wani saurin yatsa. Haɗarinsa shi ne layin da aka manta ba a goge ba: takarda ta fita tana cewa maɗaciya lafiyarta ƙalau, alhali an cire wa mutumin ita shekara uku da suka wuce. Don haka duk rahoton da aka gama sai an karanta shi daga sama har ƙasa, sunan mai shi da shekarunsa da kwanan wata, kafin a tura shi firinta.

Na san wani a cikinku zai ce ai yanzu waya ma tana mayar da magana rubutu, me ya rage wa mai bugu? Tambaya ce mai kyau. Asibitoci da yawa a ƙasashen waje suna amfani da manhajoji irin su Dragon, wadda kamfanin Microsoft ya sayi masu ita a 2022, kuma hukumar ƙididdigar ayyuka ta Amurka tana hasashen yawan masu wannan sana'a zai ci gaba da raguwa. Waɗanda suka rage, yawancin aikinsu ya koma gyara: na'ura ta buga, mutum ya bi muryar yana duba inda ta kauce. A irin wannan aikin saurin bugu ya ƙara raguwa a daraja, tun da na'urar ta fi kowa sauri. Abin da ake biyan mutum dominsa shi ne ya gane kalmar da ta yi kama da daidai amma ba ita ba ce. Shi ya sa idan kuka ga talla a Facebook ko WhatsApp ana cewa ka zauna a gida ka riƙa buga rahoton likitocin Turai ana biyanka da dala, iyakaci ka iya sauri ka kuma biya kuɗin rajista, ku yi hattara. Bayanan marasa lafiya ba abin da ake miƙa wa duk wanda ya cike fom ba ne.

Wannan ya kawo ni batun sirri, kuma a garuruwanmu da kowa ya san kowa ya fi nauyi. Sunan da zai fito a gabanka zai iya zama na maƙwabciyarku, ko na malamin da ya koyar da kai a firamare. Amurka tana da dokarta ta kare bayanan marasa lafiya tun 1996, mu ma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana su in ba da izinin mai su ba ko bisa wani dalili da doka ta amince da shi. A ɗakinmu ba a shiga da waya a hannu, a jaka take zama, kuma takardar da ta lalace ba a jefa ta a kwandon shara sai an yayyaga ta.

To me ɗan sakandare zai yi yanzu? Ya koyi bugu da yatsu goma, ko da ba shi da niyyar wannan aikin. Saurin da kuke da shi a waya da babban yatsa ba ya bin mutum zuwa kwamfuta, kuma wayar ce take ƙarasa muku rabin kalmomin. Tsarin madannan da muke amfani da shi tsoho ne, daga keken rubutun da Christopher Sholes ya ƙirƙira ya samo asali, wanda kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874, kuma ga dukkan alamu zai daɗe tare da mu. Ku shafa harafin F da na J, za ku ji ɗan tudu a kan kowanne. Nan ne mazaunin manuniya biyu. Sauran yatsun hagu su hau D da S da A, na dama su hau K da L da na kusa da shi, manyan yatsu kuma suna kan dogon madannin tazara. Duk inda yatsa ya je ya danna, nan yake dawowa. Ku rufe hannuwanku da hankici don kada ido ya yi satar kallo. Makon farko za ku ga kun fi da nawa, kowa haka yake farawa, a nan ne kuma mafi yawa suke watsarwa. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Ku fara da neman daidai, saurin zai zo da kansa.

Wanda makarantarsu ba ta da ɗakin kwamfuta mai aiki, tsohon kibod ba shi da tsada a kasuwar 'yan waya, kuma yawancin wayoyin Android suna karɓar sa ta 'yar igiyar nan da ake kira OTG. Ko banza zai rage muku fargabar ranar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, ya kuma rage muku kuɗin da za ku riƙa ba masu shago shafi-shafi in kun shiga jami'a.

Mai sha'awar fannin kansa kuma, ya riƙe Bayoloji da Ingilishi da kyau, ya fara tara guntayen kalmomin Girkanci da Latin da aka gina harshen likitoci da su. "Nephro" ƙoda, "hepato" hanta, "cardio" zuciya, "gastro" tumbi. In kalma ta ƙare da "itis" kumburi ne, in ta ƙare da "ectomy" an yanke an cire. Da waɗannan shida kawai ka fassara kalmomi fiye da yadda kake zato, kuma kalmar da ka san ma'anarta ba ta yi maka wuyar ji. Akwai kwas na kula da bayanan marasa lafiya a kwalejojin fasahar kiwon lafiya da makarantun wasu asibitocin koyarwa, kuma yayin da asibitocinmu suke barin fayil suna komawa kwamfuta, masu wannan takardar shaidar ne za a nema.

Ni dai gwajin da na yi na ƙarshe ya ba ni 62. Ina so in kai 70 kafin hutu mai zuwa, daga nan in daina bin lambar, in mayar da mintunan nan goma sha biyar kan sunayen magunguna, don har yanzu su ne suka fi sa ni taka feda baya.